Kifin Baba

Baba, Allah ya jiƙansa, tela ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, amma ranar Asabar keken ɗinkinsa hutawa yake yi. Yana idar da sallar asuba sai ya rataya tsohuwar jakarsa, ya kifa malafa, ya nufi daji. Wani lokaci ya dawo da gada, wani lokaci gyazbi. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kuwa, lokacin da gwamnati ke rufe farauta, sai ya jingine bindiga ya ɗauki ƙugiya ya tafi tafkin Bosomtwe. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Mu tara ne a gida, kowa sai ya samu karfasa guda, shi kuma ya tattara kawunan ya ce ai nan daɗin yake.

Da ya cika shekara da rasuwa aka shirya yi masa addu'a, sai na bugi ƙirji gaban kowa na ce kifin sadaka ni zan kamo shi da ƙugiyar Baba. Mma ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da in an yi ruwa sai ka kewaye kwata?"

Ban kula ba. Ni mai sayar da waya ne a kasuwar Kejetia, amma ai ɗan kada ba a koya masa iyo. Na ɗauki jakar da malafar, na shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Kuntanase, daga nan tasi ta gangara da mu Abono, a bakin tafkin.

Tafkin kamar an ajiye ƙatuwar ƙwarya tsakanin duwatsu. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama shekara miliyan guda da ta wuce ya haƙa ramin. Masuntan wurin ba sa shiga kwalekwale, wani falankin katako suke hawa, sunansa padua. Mutum ya zauna a kai kamar mai hawan jaki, ƙafafu cikin ruwa, yana tuƙi da hannu. Na ga yaro ɗan shekara goma yana tafiya a kai yana fito, na ce wannan ai wasa ne. Na ba shi sidi 20 ya ara mini.

Hawan farko katakon ya juya ni. Na biyu na zauna daram, har na ɗaga waya in ɗauki hoton da zan tura wa Mma ta ji kunya. Hoton nan bai ɗauku ba. Sai ji na yi duniya ta kife, ruwa ta hanci ta baki, ga shi wani ya gaya mini a mota cewa zurfin tsakiyar tafkin ya kai wajen mita 80. Na fara kalmar shahada da ƙarfi, ina yafe wa masu bashina ɗaya bayan ɗaya. Can na ji yaron yana ihu da Turanci wai in miƙe tsaye. Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya.

Waya ta tafi, ƙugiya ta maƙale a wandona. Ina zaune ina ɗiga sai wata dattijuwa mai sayar da kifi ta tsura wa malafar ido, ta tambaye ni da gurguwar Hausarta ko ni ɗan tela ne na Zango. Da na faɗa mata ya rasu, ta ajiye tire ta yi ta share hawaye da bakin zane. Ta nuna mini inuwar da yake shimfiɗa buzunsa. Wai yakan jefa ƙugiya, ya ɗaure zaren a babban yatsan ƙafa, ya yi barcinsa har azahar. In ya tashi ya yi salla sai ya zo wurinta ya sayi goma, ita kuma ta huda wa kowanne leɓe da ƙugiyar.

Na ciro ƙugiyar daga wandona na miƙa mata, na ce ta ba ni talatin.

Na isa gida bayan magariba ina tafiyar jarumai, yara na biye da ni. Mma ta zazzage kifin a roba, ta ɗaga ɗaya kusa da fitila, ta leƙa bakinsa.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Maame mai kifi tana nan lafiya?"