Masu zanen yau ba su bar tambayar ba

Marubucin wani labari ya ce fasahar zane ta zamani ta daina tambayar dalilin zuwanmu duniya, kasuwa kawai take bi. Wallahi ban yarda ba. Gaskiya ne Masarawan dā sun cika bangon kaburbura da hotunan noma da farauta saboda tunanin bayan mutuwa. Amma a 1897 mai zanen Faransa Paul Gauguin, yana tsibirin Tahiti cikin ciwo da baƙin cikin rasuwar 'yarsa, ya zana jariri a gefe guda, tsohuwa a ɗayan, ya rubuta: daga ina muka zo, mene ne mu, ina za mu? A 2010 kuma aka buɗe ma'adanar Christian Boltanski, wani mai zanen Faransa, a tsibirin Teshima na Japan, inda ake adana sautin bugun zuciyar dubban mutane. Wannan ma neman kuɗi ne?