Ni Hwa Na Biya Kuɗɗin Shiga

ALHAJI MAƘO: Nawa ka ce?

MAI TIKITI: Babba naira 1,000, yaro 500, ranka ya daɗe. Na goye kyauta.

ALHAJI: Madalla. Hajiya, goya Auta.

HAJIYA: Yaron da ke aji biyu a firamare? Alhaji, ji tsoron Allah. Bayana ma ciwo yake.

ALHAJI: Taku biyar ne. In mun wuce ƙohwa ki sauke abinki.

Aka goya Auta a bakin ƙofar wurin wasan yara. Ƙafafunsa na jan ƙasa, shi kuwa ko a jikinsa, sai ɗaga wa mutane hannu yake.

MAI TIKITI: To wannan mai gemun fa?

ALHAJI: Sagiru? Jiya-jiyan nan aka yaye shi. Garin jiki ne, dangin uwarshi ya ɗauko.

SAGIRU: Baba, ina aji uku a jami'ar Umaru Musa hwa.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka? Rage tsawo.

Mai tikiti ya dubi layin da ya kai bakin titi, ya dubi gemun Sagiru, ya ga albashinsa bai kai na wannan rigima ba. Ya yago tikiti. Su shida ne, kuma a Napep ɗaya suka zo, don motar Alhaji tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi take kwance a gindin bedi, kajin Hajiya na ƙwai a kujerar baya.

AUTA: Baba, lilo! Wancan mai juyawa sama!

MAI LILO: Ɗari biyar-biyar ne, Alhaji.

ALHAJI: Na biya.

MAI LILO: Wa ka ba?

ALHAJI: Ɗan'uwanka na bakin ƙohwa. Ga takarda.

MAI LILO: Ai wannan na shiga ne. Na hawa daban.

ALHAJI: To da na shigo, mi na zo yi? Kallon ka? In kallo nike so ai da na tsaya waje, ta saman katanga ana hangen abin nan kyauta. Ni hwa na biya kuɗɗin shiga.

MAI LILO: Haka dokar wurin take, yallaɓai.

ALHAJI: Tsaya in tambaye ka. Ka tahi tasha ka biya kuɗɗin Daura, sai direba ya ce maka wancan na shiga mota ne, na zama bisa kujera daban, za ka yarda?

MAI LILO: Janareto muke kunnawa, Alhaji. Rabonmu da wuta tun shekaranjiya, dizal kuwa ka san kuɗinsa.

ALHAJI: Kashe janareton. Ga ƙato nan, Sagiru, ya tura da hannu.

SAGIRU: Ni da aka yaye jiya, Baba?

ALHAJI: Za mu koma gida ai. Kai kuma Auta bar kuka. Sama kake so? Gobe in kai ka hasumiyar Gobarau, ka hau ka ga Katsina tun daga Ƙohwar Ƙaura har Ƙohwar Guga.

HAJIYA: Haka ka ce bara. Bara waccan kuma rijiyar Kusugu ka ce za ka kai su.

ALHAJI: Rijiyar ta gudu ne? Tun zamanin Bayajida take nan, ba za ta ƙahe don 'ya'yanki ba.

Haka aka wuce motocin karo, aka wuce katifar tsalle, aka wuce mai alawar auduga da mai gugguru. Ko'ina Alhaji sai ya zaro tikitin nan ya nuna, har ya fara laushi don gumi. A ƙofar banɗaki ma sai da ya nuna shi, aka ce naira 100, ya ce ya fasa, abin ya koma.

AMARYA: Alhaji, ni dai yunwa nake ji. Ka ce yau a waje za mu ci abinci, har na hana Yaya ɗora tukunya.

ALHAJI: Nan ba waje ba ne? Ga sama, ga taurari. Ku zauna.

Suka zauna a rumfar cin abinci. Sai a nan Amarya ta lura tumbin Alhaji ya ƙaru tun fitowarsu daga gida, kuma in ya motsa yana ƙara irin ta murfin kwano.

SABIS: Sannunku da zuwa. Akwai soyayyar shinkafa, akwai kaza da dankali, akwai fiza, akwai shawarma.

ALHAJI: Ruwa.

SABIS: Gora nawa?

ALHAJI: Ɗaya. Kohi shida. Da cokula.

SABIS: Cokula na me, Alhaji?

ALHAJI: Na shan ruwa. Ina ruwanka?

SABIS: Ba a shigowa da abincin waje fa, an rubuta a ƙofa.

ALHAJI: Ka ga abinci a hannuna?

AMARYA: Ni shawarma nake so.

ALHAJI: Mi ne ne shawarma? Tsire ne aka naɗa mashi rawani, aka ninka kuɗɗi uku. Nawa take?

SABIS: 3,500.

ALHAJI: Cire kuɗɗin shiga a ciki.

SABIS: Ba a haka, yallaɓai.

ALHAJI: To kawo ɗaya, a yanka shida. Ni a ba ni bakin da naman ya taru.

ZULAI: Baba, ni askirim.

ALHAJI: Da hunturun ga?

ZULAI: Baba, watan Afrilu ne.

ALHAJI: Yana tahe.

Ana cikin haka sai aka ji wata murya daga bayan rumfa, irin muryar da ke sa Bakatsine gyara zaman hula tun bai waiga ba.

BAGOBIRI: A'a! Wa nike gani haka? Bawana! Wa ya kwance ka da daren ga?

ALHAJI: Inna lillahi. Hajiya, ɓoye kohunan nan.

BAGOBIRI: Sannunku Hajiya, sannu Amarya. Mutum shida, gorar ruwa ɗaya? Ashe abin ya kai haka? Kai sabis, kawo masu shinkafa, ni ubangidansu zan biya. Ba a barin bawa da yunwa.

ALHAJI: Wa za ka saya wa shinkahwa? A Katsina? Ɗakin kara? Wanke hannu muke da ruwan nan. Kai yaro, kaji nawa gare ku?

SABIS: Huɗu suka rage.

ALHAJI: Kawo ukku. Da abin nan mai hwaɗi.

SABIS: Fiza?

ALHAJI: Ita. Babba. Askirim kuma kowa biyu-biyu.

ZULAI: Baba, hunturun fa?

ALHAJI: Ya wuce.

Duk wanda ya zauna da Katsinawa ya san wannan ciwo. Bakatsine zai iya kwana da yunwa lafiya lau, in dai ba a gani ba. Amma a ce Bagobiri ya gani, ya kai labari Sabon Birni? Gara a sayar da gona.

BAGOBIRI: Ka ci a hankali, bawana, kar ka sha wuya a ƙarshen wata.

ALHAJI: Ji mai tsage da magana. Da aka ci Alƙalawa a 1808, ina kuka ƙare? Ba yawo kuka yi ta yi ba, sai da kuka raɓo gehenmu a Maraɗi kuka kahwa Tsibiri?

BAGOBIRI: To ku mi ya kai ku Maraɗin? Yawon buɗe ido? Ba korar ku aka yi daga birnin ga ba?

ALHAJI: Mu shan iska muka hita.

BAGOBIRI: Shekara ɗari biyu ana shan iska?

HAJIYA: Don Allah ku bar mu mu ci kazar nan tun ba a fasa ba. Sagiru, ci da sauri. Auta, cusa cinyar nan a aljihu.

Hajiya ta san mijinta. Shekarun aurensu sun koya mata cewa kyautar Alhaji ba ta wuce tsawon zaman baƙo, don haka tun Bagobiri bai gama sakace ba ta ja Amarya zuwa shagon da ke jikin rumfar. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin su riƙe da hannun juna.

AMARYA: Yaya, kin ga jakar can?

HAJIYA: Ɗauki. Ni turaren nan nake so tun azumin bara.

AMARYA: Alhaji, a ɗauka?

ALHAJI: A ɗau... nawa ne?

BAGOBIRI: In ta yi tsada a bari, Amarya. Gobe in aiko direbana ya saya maki.

ALHAJI: Ɗauki biyu!

AUTA: Baba, bindigar ruwa.

ALHAJI: Ɗauki.

SAGIRU: Baba, cajar waya.

ALHAJI: Kai yaro ne, mi za ka yi da waya?

Da abin ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Bagobiri ya hango dawakin roba masu zagayawa da kiɗa, ya ce shi dai ya ji ana cewa Katsinawan yanzu ko jaki ba sa iya hawa.

ALHAJI: Mu? Garin da Sarki Dikko ya kawo wasan folo? Garin Sarki Usman Nagogo da har Turawa suka sara mashi bisa doki? Kai mai doki, tsaida abin nan!

MAI DOKI: Na yara ne, Alhaji. Ba ya ɗaukar babba.

ALHAJI: Na biya kuɗɗin shiga.

MAI DOKI: Ko ka biya...

ALHAJI: Ga dubu. Ba ni ingarman can hwari.

Alhaji ya tattare babbar riga ya haye. Zagaye na farko ya ɗaga hannu yana jinjina, yara na tafi. Na biyu hula ta karkace. Na uku ya rungume wuyan doki yana kiran sunayen Allah. A na huɗu ne ɗaurin da ya yi wa cikinsa ya kwance, kwanon samira ya faɗo ya yi ta gangarawa, dambun zogale ya watsu har kan takalmin Bagobiri.

BAGOBIRI: La ilaha! Bawana, haihuwa ka yi?

ALHAJI: Abincin dokin ne. Mahayin kirki ba ya hitowa ba harawa.

SABIS: Alhaji, ga lissafi. Abinci da kayan shago 45,000. Da harajin VAT ya zama 48,375.

ALHAJI: Wane ne shi? Ya ci kaza da mu?

SABIS: Na gwamnati ne, kashi 7.5 cikin ɗari. Tun 2020 haka yake, da can kashi 5 ne.

ALHAJI: Gwamnati ta kawo maku wuta?

SABIS: A'a.

ALHAJI: Ruwan da kuka dahwa shinkahwar?

SABIS: 'Yan ga-ruwa muke saya wa.

ALHAJI: To ta zo ta amsa da kanta, ina son ganin ta.

BAGOBIRI: In ba ka da shi ka faɗa, ba abin kunya ba ne ga bawa.

ALHAJI: Karanto lambar asusu!

Ya danna. Abin ya yi ta juyawa. Ya ɗaga wayar sama, ya koma gindin lilo, ya hau kan kujera. Can sai ƙit.

ALHAJI: Sun hita. Ga shi, an cire.

SABIS: Nan ba su shigo ba.

ALHAJI: To suna ina?

SABIS: Suna hanya. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sai ka je banki ka cike takarda, su ce ka dawo bayan kwanakin aiki.

ALHAJI: Daga hannuna zuwa hannunka, ga ni ga ka, kuɗɗi su ɓace a hanya? Ta Jibiya suka bi?

SABIS: Sai dai ka sake turawa, ko ka jira.

BAGOBIRI: Magana ɗaya ce. Ka ce "na gode ubangidana" a gaban iyalinka, in zaro tsaba in biya.

HAJIYA: Alhaji, faɗa mana. Kalma uku ce, ba a cire mata haraji.

ALHAJI: Ko da za a kwana nan.

AMARYA: Ƙarfe goma ta wuce fa.

ALHAJI: Ku tahi. Ni ina nan sai kuɗɗina sun iso.

Bagobiri ya kwashe Hajiya da Amarya da yara da ledojinsu a motarsa mai sanyi. Auta ya leƙo ta taga ya harbi ubansa da bindigar ruwa, wai sai da safe. Aka kashe janareto. Sabis ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa, don shi ma an ce masa in kuɗin ba su shigo ba a albashinsa za a cire.

BUZU MAI GADI: Alhaji, rufewa za a yi.

ALHAJI: Ruhe. Tikitina bai ce ƙarhe nawa zan hita ba. Duba ka gani.

BUZU: Ni ban karatu. Shayi?

ALHAJI: Nawa?

BUZU: Kyauta.

ALHAJI: Zuba biyu.

Wajen sha biyun dare wayar ta yi ƙit. Alhaji ya zabura har ya zubar da shayi, sabis ya taso da gudu, Buzu ya haska tocila.

SABIS: Sun dawo?

ALHAJI: Karanta mani, idona ba ya gani da dare.

SABIS: An cire naira 26 da kwabo 88.

ALHAJI: Na mi?

SABIS: Ladan tura kuɗin.

ALHAJI: Kuɗɗin da ba su je ba?

SABIS: Naira 25 ce ta banki. Sauran VAT ne.