Sinadarin da ya kare cikin ɓera ba shi zai warkar da ulsar Maradi ba

Ɗan ƙanwata, wanda ke kabu-kabu tsakanin tasha da babbar kasuwa, ya same ni bayan sallar isha'i da waya a hannu. "Kawu, ka ji an gano maganin ulsa? Wai wani sinadari ne da ke toshe wurin da ciwon ke farowa. In kana da wanda zai kawo mana shi daga waje, ko jika nawa ne zan saya." Na karɓi wayar na duba. Ba za a ce labarin ƙarya ne ɗungurungum ba, don akwai sinadarin, an gwada shi, kuma ya rage gyambo. Sai dai a cikin ɓeraye aka gwada, kuma masu sayar da shi sun rubuta ƙarara cewa na ɗakin bincike ne, ba na shan ɗan Adam ba. Wannan layin ne mai tura saƙon ya tsallake.

Na tambaye shi abin da ya fara sa wa cikinsa da safe. Ya ce ƙwaya biyu ta maganin gajiya, sannan kunu. "Kullum?" Ya ce, "Kusan kullum, Kawu. Wanda ya yini kan moto ai bayansa ba ƙarfe ba ne."

Tun daga daren nan nake juya maganar. Abin da na tsaya a kai shi ne, muna ɗaga kai muna hangen maganin da bai ma zama magani ba, alhali abubuwa biyun da suka fi huda cikin mutanenmu an san su shekara da shekaru, kuma ɗaya daga cikinsu mu ne ke saye da kuɗinmu muna haɗiya.

Bari in fara da abin da ake nufi da toshewar, don ba tatsuniya ba ce. A bangon tumbi akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne zuba ruwan tsami mai narkar da abinci. Ba sa zubawa haka nan, sai an ba su umarni. A jikin kowacce akwai wasu ramuka kamar ramin kwaɗo, kowane da ɗan makullinsa: ɗaya na sinadarin jiki mai suna histamin, ɗaya na wani mai suna gastirin, ɗaya na saƙon da ke zuwa ta jijiya. Da ɗan makulli ya shiga ya juya, sai famfon tsami ya buɗe. Dabarar masu bincike ita ce su ƙera ɗan makullin jabu, wanda zai shiga ramin ya zauna daram amma ba zai juya ba, na gaskiya kuma in ya zo ya tarar an riga shi. Tsami ya ragu, gyambo ya samu sararin warkewa.

Wanda ya fara cin nasara a wannan hanya shi ne James Black, masanin harhaɗa magunguna ɗan Sikotilan, tare da abokan aikinsa a kamfanin Smith Kline & French a Ingila. Sun fara a 1964. Shekara huɗu suna ƙera sinadarai, wajen ɗari biyu, babu wanda ya yi abin da ake so. A 1972 suka bayyana burimamid, wanda ya tabbatar da cewa ramin histamin na tumbi daban yake da wanda magungunan ƙaiƙayi da mura ke toshewa. Amma burimamid bai da ƙarfin da za a ba mutum shi a ƙwaya. Suka gyara shi ya zama metiyamid, mai ƙarfi ninki kusan goma. Aka ba marasa lafiya, gyambonsu ya warke, murna ta fara. Sai aka ga wasu daga cikinsu fararen ƙwayoyin jininsu, masu yaƙi da cuta, sun zube ƙasa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Dole aka dakatar, aka koma aka canza ɓangaren sinadarin da ake zargi, sannan aka samu simetidin, wanda ya shiga kasuwar Ingila a 1976 da sunan Tagamet. Shekara goma sha biyu ke nan daga farawa. A 1988 aka ba Black kyautar Nobel.

Metiyamid ne nake so ɗan ƙanwata ya riƙe a ransa. Ya wuce matakin dabbobi, ya warkar da gyambo a jikin mutane na gaske, duk da haka bai cancanci a sayar da shi ba. Wanda ke cikin wayarsa ko matakin farko na gwaji a kan mutum bai taka ba. A lissafin da masu wannan sana'a suka saba yi, cikin magunguna goma da suka kai ga gwaji a jikin ɗan Adam, kusan tara ba sa kaiwa kantin magani. Ramin gastirin ma an bi ta kansa: akwai tsohon magani firoglumid da aka yi amfani da shi a Turai, sannan a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Merck ya fito da wani mai lamba L-365,260, wasu suka biyo baya irin su netazefid. Sun taimaka wa masana wajen fahimtar yadda tumbi ke aiki, amma har yau babu ɗaya cikin waɗannan sabbin da likita ke rubuta wa mai ulsa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ya kamata ma mutum ya san yadda ake gwajin ɓeran. Ana hana shi abinci, a ba wasu sinadarin da ake gwadawa a bar wasu haka nan, sannan a ɗura musu abin da zai ƙona ciki. Bayan 'yan sa'o'i a buɗe tumbin a ƙirga raunuka. Rauni ne na yini guda, ba irin na magidancin da ya shekara bakwai yana tashi tsakar dare riƙe da ƙirji ba. Kuma ko kun san me ake yawan ɗura wa ɓeran don a jawo masa gyambon? Ko barasa tsantsa, ko indometasin, ɗan'uwan diklofenak da ibufurofen da asfirin. Wato abin da masana ke amfani da shi da gangan don huda cikin dabba, danginsa ne 'yan kabu-kabu da masu dako da manoma da mata masu surfe ke haɗiya da sassafe a kan ciki wayam, suna kiransa maganin gajiya. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe zafin jiki ta hanyar hana jiki ƙera wani sinadari da ake kira furostagilandin, shi kuwa wannan sinadari shi ne ke sa tumbi ya shafe kansa da majina mai kare shi daga tsaminsa. Ciwon baya ya lafa, bangon ciki ya zama tsirara. In aka haɗa da ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tiren mai tallan magani a tasha ko a kasuwar ƙauye ya san yadda ake ƙulla su a leda ɗaya, ja da fari da rawaya, ba suna ba ranar lalacewa.

Waɗannan ƙwayoyi su ne abu na farko mai huda ciki; na biyu ya fi wannan ban mamaki. Simetidin da ƙanensa ranitidin, wanda Glaxo ya fitar a 1981 da sunan Zantac, sun rage yawan tiyatar ciki ƙwarai, sun kuma tara wa kamfanoninsu dukiya mai ɗimbin yawa. Amma likitoci sun lura da wani abu: da mutum ya daina sha, fiye da rabin masu gyambon bakin hanji ciwonsu na dawowa cikin shekara guda. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kan macijin a garin Faz na Ostireliya aka gano shi, inda Robin Warren da Barry Marshall suka nuna a 1982 cewa akwai wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da ke rayuwa a cikin tumbi, wadda yanzu ake kira Helikobakta. Manyan likitocin duniya suka ƙi yarda, wai babu abin da zai rayu cikin wannan tsami. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya tara ƙwayoyin a ciki, bayan 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa aka ga ya kumbura. Sai a 2005 aka ba su Nobel. Tun a 1994 kuma hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar tumbi.

Mu a nan ne abin ya fi shafa. Wani babban nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara sakamakon ƙasashe da dama, ya nuna kusan mutum 70 cikin 100 a Afirka na ɗauke da ita, a Najeriya kuwa abin ya haura 87. Daga Maradi zuwa Ɗan Isa zuwa Jibiya ta Najeriya ba wata tafiya ba ce, kuma ruwanmu da cin abincinmu da cunkoson gidajenmu duk iri ɗaya ne. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta. Kada kowa ya firgita dai: mafi yawan masu ita har su mutu ba ta yi musu komai ba, kamar ɗaya ko biyu cikin goma ne ke kaiwa ga gyambo. Amma wanda ta kai shi can, maganin rage tsami kawai lallashi ne. Abin da ke kawar da ita shi ne haɗin maganin rage tsami irin omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, kwana goma zuwa goma sha huɗu, ba fashi. Wanda aka kawar masa da ita, da wuya gyambon ya dawo.

Omefirazol ɗin ma, da ya fito daga Suwidin a 1988, ya nuna iyakar dabarar toshe rami. Maimakon a tsaya toshe kwaɗo ɗaya a bar biyu a buɗe, sai aka je kai tsaye aka rufe famfon. Don haka duk sabon sinadarin da zai zo da sunan toshe rami, sai ya nuna ya fi wannan tsohon magani mai araha, ko ya fi shi rashin illa. Jan aiki ne.

Na san abin da za a ce mini. Gwaji kuɗi ne, ardinas ɗin lokotoro kuɗi ne, ga layi, ga asarar yinin aiki, shi kuwa mai tire yana ƙofar gida kuma yana ba da ƙwaya ɗaiɗai har da bashi. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Talaka ba wawa ba ne, lissafin yau yake yi. Amma a lissafa ƙwayar da ake saye duk wata har shekara biyar, a haɗa da madara da kanwa da jiƙe-jiƙe, a haɗa da ranar da gyambon ya fashe aka kwashi mutum cikin dare ana neman jini. Sannan ba duk abin da muke kira ulsa ne ulsa ba. Wani ƙwannafi ne, wani tsakuwar matsarmama ce, wani ciwon zuciya ne ya ɓad da kama, wani kuma sankara ce ke girma a ɓoye yayin da maganin rage tsami ke lulluɓe alamunta. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rama ba dalili, wuyar haɗiya: mai ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da sauran ciniki da mai tire.

Akwai kuma darasin ranitidin. Bayan kusan shekara arba'in ana shansa, a 2020 hukumomin magani na Amurka da Turai suka sa a janye shi saboda an gano yana iya ƙunsar wani gurɓataccen sinadari da ake zargi da jawo sankara. A farmasi mai rajista ana iya aika takarda a ce a kwashe. Wa zai bi tire-tire daga kasuwar Maradi zuwa ta Tibiri da Madarunfa ya kwashe?

Ma'aunin nan kuma bai kamata ya tsaya kan kayan Turawa kaɗai ba. Mai lasifika a bayan mota da ke cewa "bincike ya tabbatar" da garin saiwarsa, a tambaye shi: a jikin wa aka gwada, mutum nawa, wa ya bi su ya ga abin da ya faru da hantarsu da ƙodarsu? Mai yiwuwa cikin itatuwanmu akwai mai amfani, ba na musu. Hanyar da metiyamid ya bi ya faɗi, ita ce su ma za su bi. Madara da fura suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, daga baya tsamin ya dawo. Yunwa da yaji, da muka ɗora wa laifin komai musamman in azumi ya zo, sun fi tayar da gyambon da ke nan fiye da haƙa sabo. Taba kuwa tana hana shi warkewa.

In da ni ake tambaya inda za a sa ɗan kuɗin binciken da muke da shi, da na ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da asibitocin garin nan a auna mana waɗanne magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne har yanzu ke cin Helikobaktar mutanen Maradi. An san a ƙasashen Afirka da yawa ta daina jin metironidazol, saboda yadda ake shansa barkatai da an ji ciki ya murɗa. Likitan da bai san wannan ba a garinsa, harbi yake a duhu. A kuma sauƙaƙa gwajin bayan gida da ke gano ƙwayar har a ƙananan gidajen likita na karkara, don ba ya buƙatar wata babbar na'ura.

Ɗan ƙanwata dai ya yarda zai je a gwada shi. Na gaya masa ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, don omefirazol na iya ɓoye ƙwayar, shi ya sa ake dakatar da shi mako biyu kafin gwaji. Na ce ya bar ƙullin ledar nan, in ciwon jiki ya matsa ya nemi farasitamol, shi ma kada ya wuce ƙa'ida. Ya sa wayarsa aljihu, ya tayar da moto, sannan ya juyo. "To Kawu, bayan fa? Gobe ma tun asuba zan fita." Na ce ya haɗa da wannan cikin abin da zai tambayi likitan.