Hawayen mai makoki ba raunin imani ba ne

Duk wanda ya taɓa zama wurin ta'aziyya ya san irin kalmomin da ake jefa wa mai kuka. "Haba, ki yi shiru, addu'a yake buƙata yanzu." "Kai fa namiji ne, ka daure." Wani ma ya fi tsauri: "Kukan nan naki azaba yake ƙara masa a kabari." Galibin masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke yi, wannan ban musa ba. Sai dai a ganina suna jingina wa addini abin da bai ce ba, suna kuma ƙara wa wanda aka yi wa rasuwa wani nauyi a kan nauyi: ga zafin rashi, ga fargabar cewa zafin da yake ji ɗin zunubi ne.

A shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahim ɗan Annabi Muhammadu (SAW) ya rasu, ko shekara biyu bai cika ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya shiga wurin yaron yana kan gargara, sai idanunsa suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Sai ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ƙara da cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mai wannan magana mutum ne da ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai tun yana raye, Fatima kaɗai ta rayu bayansa. Muslim kuma ya ruwaito cewa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana ɗan shekara 6, ya yi kuka har na kusa da shi suka kama kuka. Shekaru da dama ke nan bayan rasuwarta. Wa zai ce masa ya makara da kukan?

Annabi Yakubu ma haka. A cikin Suratu Yusuf shi ne ya yi alƙawarin haƙuri mai kyau, kuma shi ne dai idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka gaji da jin sunan Yusuf a bakinsa, suka ce zai halaka kansa, sai ya ce shi wurin Allah kaɗai yake kai kukansa. Alƙur'ani bai ga saɓani tsakanin haƙurin da hawayen ba. Mu ne muke ganinsa.

To ina batun azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa? Hadisin yana nan, babu mai ɓoye shi. Amma Nana A'isha ta yi wa wannan fahimta gyara tun zamanin sahabbai, ta kafa hujja da ayar da ta ce wata rai ba ta ɗaukar nauyin laifin wata. Malamai da yawa kuma sun fassara shi a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa, ko wanda hakan ɗabi'arsa ce tun yana raye. Abin da aka hana a fili yake: marin fuska, yage tufafi, ihun jahiliyya, da maganar da ke nuna ja da hukuncin Allah. Uwar da ta sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan hijabinta, leɓɓanta na motsi da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kwana ukun da ake yawan ambata ma ana yi musu gurguwar fahimta. Iyaka ce da aka yi wa zaman makoki da barin ado, kamar yadda aka yi wa matar mamaci takabar wata 4 da kwana 10. Ba wa'adi ba ne da aka ba zuciya ta manta.

Kirista ma ba su tsira daga wannan matsin ba, su da Linjilarsu ta nuna Yesu yana kuka a kan mutuwar Li'azaru. A labarin Ayuba na Littafi Mai Tsarki, abokansa uku sun zauna tare da shi kwana bakwai babu wanda ya ce uffan. Ba su yi kuskure ba sai da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin musibarsa.

Kada a ce ina raina tunatarwa. Imani da cewa akwai haɗuwa bayan rabuwa, da cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, shi ke riƙe mutane da yawa a lokacin da komai ya kuɓuce musu. Abin da nake ja da shi shi ne lokaci da salo. Sau da yawa (mu faɗa wa kanmu gaskiya) muna hana mutum kuka ne don kukan yana takura mana, mun rasa abin cewa, sai mu ɗauko aya mu toshe masa baki. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, umarnin da Annabi ya bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Hidima ya fara turawa.

Akwai kuma waɗanda wannan matsi ya fi cutarwa. Tsarin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya amince da matsanancin baƙin cikin rashi mai tsawo a matsayin larura, idan ya haura aƙalla wata 6, ya zarce abin da aka saba gani a al'ummar mutum, ya kuma hana shi gudanar da rayuwarsa. Wadda ta shekara ba ta iya barci, ko ta kasa shiga ɗakin mamacin, ko take fatan ta bi shi, idan aka ce mata tawakkalinta ne ya yi ƙaranci, za ta ɓoye abin da ke damunta. Irin wannan likita take buƙata tare da addu'a, kuma sau da yawa ba za ta je ba sai limami ko fasto ko wani babba da take jin maganarsa ya ce mata ta je.