Sandar tuƙi ce ta mutu, suka ce wai saitina ne

Daren jiya wajen ƙarfe 11, yara sun yi barci, ina cikin wasan jiragen yaƙi na kwamfuta, na ɗaga jirgin Spitfire ina bin wani jirgin Bf 109. Minti ashirin ina lallaɓawa har na samu na zauna a bayansa daram, ya cika mini madubin saiti, saura kawai in danna kunama. Sai jirgina ya waiga hagu da kansa, kamar wanda aka kira sunansa. Hannuna bai motsa ba, wallahi bai motsa ba. Harsasaina suka tafi neman gajimare, mutumin ya kifa ya zagayo, kafin in ce kwabo ya kunna mini wuta a inji. Kuma duk wanda ya san Spitfire ya san harsashin da ke cikinsa bai kai na sakan 20 ba in ka riƙe kunama, ba abin da za ka yi wa wasa ba ne.

Wannan shi ne karo na ban san nawa ba a cikin wata guda, kuma sandar ba ta cika wata biyar a hannuna ba.

Ni ba baƙo ba ne a wannan harka. Tun zamanin wasan IL-2 Sturmovik na farko, wanda ya fito a 2001, nake tuƙa jiragen yaƙi a kwamfuta, lokacin da linzami da madannai kawai nake fama. Shekara da shekaru ina cewa wata rana zan sayi sandar tuƙi ta gaske mai totur ɗinta daban. Bana na daure na tara kuɗi, kuɗin da uwargida ta auna da buhunan shinkafa ta faɗa mini adadi, ban kuma musa ba. Na saya a wurin wani mai sayar da kayan wasan kwamfuta a intanet. Kafin in tura kuɗi, ina aika saƙo yake amsawa: “Yallaɓai, orijinal ce, garantin shekara guda, ko me ya faru ka dawo da ita.” Da ta fara rawa na nuna masa bidiyo, kwana uku kafin ya buɗe saƙon. Amsar da ya ba ni ita ce ta hana ni barci: “Yallaɓai ai saitinka ne. Ka shiga ka ƙara mataccen fili.”

Saitina ne! An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, don a gane irin rainin hankalin da ke cikin wannan magana. A gindin sanda mai araha akwai wasu ’yan abubuwa irin abin murza muryar rediyo, wanda masu gyara ke kira bolum. Ɗaya na karanta gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ɗaya kuma na karanta murɗawar hannu, wadda ita ke juya jelar jirgi. A cikin kowanne akwai ɗan siririn ƙarfe da ke goga a kan zanen gawayi. Yau da gobe gawayin na cinyewa, ƙura na shiga, sai karatun ya fara tsalle. Kowa ya san tsohuwar rediyo da in ka murza murya take ƙarar-ƙarar. To ita ce dai, sai dai a nan ƙarar-ƙarar ɗin jirgi take jefarwa. A Kano muke, cikin hunturu, lokacin da hazo ke hana jiragen gaske sauka a filin Malam Aminu Kano. Ƙurar da ke shiga cikin kwano a rufe, ita za ta ji kunyar gindin sandar da aka bari a buɗe ba ko ƙyallen roba?

Mataccen filin da yake ce mini in ƙara kuwa, wani yanki ne a tsakiyar motsin sanda da kake gaya wa wasan ya yi kunnen uwar shegu da duk abin da ya faru a cikinsa. Kaɗan daga ciki ba laifi, kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Ni sai da na kai kashi 15 kafin jelar ta daina karkarwa. Ku yi lissafi da ni. Sandar nan matakai 256 kacal take iya bambancewa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wato 128 a kowane gefe. Kashi 15 ya cinye wajen matakai 19 a hagu, 19 a dama. Kuma a daidai wannan tsakiyar ake yin saitin harbi, a nan ake gyara jirgi da ɗan motsin da bai fi kaurin farce ba. Sai ka tura, shiru, ka ƙara turawa, shiru, sannan jirgin ya zabura gaba ɗaya. Kamar a ce wa direba sitiyarinsa na lilo, maganin shi ne ya daina kula da lilon.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin wannan ciwo ba sabo ba ne. Tun 1879 wani Ba’amurke, Edwin Hall, ya gano yadda maganaɗisu ke karkatar da wutar lantarki a cikin ƙarfe. Da wannan ake ƙera ’yar na’urar da ke karanta motsi ba tare da wani abu ya goga a kan wani ba. Babu gogayya, babu cinyewa, ƙura ba ta dame ta ba. Girmanta bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ta da wata tsada. Amma kamfanin da ya ƙera tawa sandar ya zana jirgin yaƙi a kwali, ya jera mata maɓallai kamar akwatin mai kiɗan biki, ya sa fitila mai walƙiya, sannan a inda rai yake ya dasa bolum ɗin rediyon kakata. Wani zai ce araha ba ta ado. Na yarda, amma a nuna mini arahar.

Kada a ce ban yi saitin ba. Na yi, har na gaji da yi.

Ranar farko ma kafin a zo ga lalacewa sai da na sha wuya. Ɗaya daga cikin wasannin da nake bugawa, da zarar ka jona masa sabon abu sai ya ɗora masa tuƙi da kansa. Sanda tana tuƙi, totur ma yana tuƙi. Ina tura totur gaba don in tashi, hancin jirgi ya soki ƙasa. Sau huɗu ina fashewa a kan titin tashi kafin in gano layuka biyu ne ke rigima a kan aiki ɗaya. Na goge. Sai ga totur a juye, in na ja baya inji ya yi ruri, in na tura gaba ya mutu. Na juya shi. Sannan aka zo ga maɓallai: tayoyi, birki, fuka-fukan sauka, bindiga, igwa, radiyeta, kallon baya. Kuma kowane jirgi da nasa shafin, abin da ka shirya wa Spitfire bai shafi Mustang ba. Na yi awa biyu da rabi ina jerawa, ban danna ajiyewa ba, aka ɗauke wuta. Ban ce komai ba, na zauna a duhu ina jin janareton maƙwabci.

Lanƙwasa kuwa, wato saitin yadda jirgi ke amsa motsin sanda, ita kam ina da uzuri gare ta, domin tana da dalili. Sandar jirgin gaske daga ƙasan kujera take tasowa har tsakanin gwiwoyin matuƙi, doguwa ce, sai ka ja hannu sosai kafin ta karkata kaɗan. Ta kan tebur ba ta fi taƙi ɗaya ba, ɗan motsi kaɗan ya zama babban umarni. Spitfire kuma dama an san shi da saurin amsa ja da baya, ka ɗan wuce gona da iri fuka-fuki su saki iska, ya fara makyarkyata. Shi ya sa ake lanƙwasa layin, a tausasa tsakiya, a bar ƙarfin a ƙarshe. Amma duk abin da ka rage a tsakiya yana nan yana jiranka a baki, kana wuce rabi sai ya zubo maka a lokaci ɗaya. Na gwada 15, na gwada 25, na koma 20, ina rubutawa a bayan littafin bashi na shago. Ko injiniyoyin gaske wannan abu ya taɓa ba su kunya. Ranar 20 ga Janairun 1974 aka fito da samfurin farko na jirgin yaƙi F-16 don a gudu da shi a ƙasa kawai, a sansanin Edwards da ke Kalifoniya. Sandarsa ba ta motsi, matsin hannu take ji, kuma ta cika ji. Jirgin ya dinga tangaɗi har fiffike ya taɓa ƙasa, matuƙin, Phil Oestricher, ya ga gara ya tashi sama da ya tarwatse. Daga baya suka rage mata ji, suka kuma ba ta ɗan motsi. Wannan shi ake kira saiti: abu lafiyayye ne ake daidaita shi da hannun mutum. Abin da ya ruɓe ba a saita shi.

Ga kuma wani abin haushin. Ranar Juma’a ɗan yayata ya zo, ya zare sandar ya sa cajin wayarsa, da ya gama ya mayar da ita a wata kafar USB daban. “Kawu, ai duk ɗaya ne.” Ba ɗaya ba ne, ɗana. Kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa, wasan ya buɗe mini shafi fari fat, aikin mako biyu ya bi ruwa. Yanzu na liƙa salatif a kan kafar na rubuta “kar a taɓa”, kuma fayilolin saitin suna cikin filashi biyu.

Da mai sayarwa ya fara cewa garantin na kamfani ne, kamfanin kuma yana ƙasar waje, in aika musu da kuɗina, kuɗin aikawar ya kusa na sabuwa, sai na ɗauke ta na kai kasuwa wurin wani mai gyaran hannun wasa. Ya juya ta, ya ce, “Alhaji, wannan giyar mota ce?” Na yi masa bayani. Ya ce ƙaramin aiki ne. Ya buɗe, ya tsiyaya sifirit a cikin bolum ɗin, ya murza, ya hura da baki. Gaskiya kwana biyu ta yi lafiya, har na fara sa masa albarka. A rana ta uku rawar ta dawo ta ninka, domin sifirit ɗin ya wanke har da ɗan man da ke rage gogayyar. Da na buɗe da kaina sai na tarar ya karya ɗan haƙorin robar da ke riƙe sifirin ɗin murɗawa, ya liƙe da sufa gulu bai gaya mini ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba tare da jela ba kuwa jiragen farfela ba sa tashi. Ƙarfin juyin farfela na jan Bf 109 hagu tun yana gudu a ƙasa, ga tayoyinsa a matse kusa da juna, dole ka danne shi dama da jela daidai gwargwado, in ba haka ba ya yi juyin waina a kan titi. Jelar da ke tsalle da kanta ba za ta yi wannan ba. Abokan da muke tashi tare a intanet sun daina jirana. Ɗayansu har cewa ya yi in koma tuƙa tanka.

Yanzu haka sandar tana kan faranti a ɗakina, hanjinta a waje. Na samo ƙaramin allon Arduino mai ATmega32U4, wanda kwamfuta ke gani a matsayin sandar wasa kai tsaye, kuma yana karanta matakai 1024. Na fasa wani mataccen hadis ɗin kwamfuta na ciro maganaɗisunsa. Na ari ƙarfen dalma a wurin maƙwabci, na riga na ƙone yatsa biyu. ’Yan na’urorin Hall ɗin na yi odarsu daga Caina, an ce mako shida, yau ana cikin na bakwai. Wato na biya kuɗin sanda, kuma ni zan ƙera ta.

Da asubar nan wayata ta yi ƙara. Mai sayarwar ne, wanda saƙona na ƙarshe ke nan a ƙasa bai amsa ba tun makon jiya. Hoton fedar ƙafa ta juya jelar jirgi ya turo, da rubutu: “Yallaɓai sabbin kaya sun iso, orijinal, garantin shekara guda.”