Ranar da aka mayar da ni alade a Biyetnam

Tunda Alhajin Dawanau ya riga ya baza labarin nan a majalisa, har da ƙarin gishirin wai kare ya bi ni, gara ku ji daga bakina. Ba karen da ya bi ni. Akwai kare a gidan, amma a ɗaure yake, kuma shi kaɗai ne bai yi min kallon raini ba a ranar.

Kun dai san zancen kwantena biyu ta kashu da muka tura a kakar 2022, mutumin da ya saya a Biyetnam ya riƙe mana ciko wai kaya sun sha laima. Wata bakwai ana yau ana gobe. A Janairun 2023 na yanki tikiti, na sauka Saigon, na yi Juma'a a masallacin titin Dong Du da Indiyawa suka gina tun 1935, Asabar na wuce Dong Xoai a lardin Binh Phuoc na lokacin, inda gidajen fasa kashu suke kamar injin markaɗe a unguwarmu. A hanya duk babur ɗin da ya wuce ni da bishiya a tukunya ɗaure a bayansa, wata mai fure ruwan ɗorawa, wata da 'yan ƙananan lemo. Na ɗauka sana'ar garin ce. Tafintana kuwa tun Alhamis wayarsa take kashe.

Sai na kira Alhaji. Ya ce, "Kai yaro ne. Ai mai taurin bashi ba a zuwar masa da rana. Ka idar da asuba ka dira ƙofar gidansa, ka sa manyan kaya ya san ba ɗan aike aka turo ba." Wannan mutum ne da yake cewa sau huɗu ya je ƙasar. Kalmar Tet, wato bikin sabuwar shekararsu, ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe shida da 'yan mintoci. Farar shaddata ta sallar bara, farar hula, fayil a hammata. Titi wayam, ko mai shayi babu. Na tarar da ƙofar gidan a buɗe kamar ana jiran wani, kuma wallahi har na ji daɗi, na ce yau ba zancen "ba ya nan". Na tuɓe takalmi, na yi gyaran murya, na sa ƙafar dama.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mutum ya kai goma sha biyar a falon, kowa cikin sabbin kaya, mata da ja da ruwan ɗorawa. A bango ga wani teburi mai tsawo da hotunan iyaye da kakanni da suka rasu, turaren tsinke yana hayaƙi, ga faranti an jera gwanda da mangwaro da kwakwa da ɓaure da tuwon biri. A gabansa wata tsohuwa, uwar mai gidan, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, riƙe da tsinken turare uku. Ta juyo. Ta fara daga hulata, ta gangaro a hankali kamar mai duba ragon layya, ta tsaya a ƙafar da na shigo da ita, ta daɗe a nan. Mai gidan ya buɗe baki bai rufe ba. Ni kuma da na ga an yi tsit sai na ɗauka kwarjinin shadda ne yake aiki, na ɗaga fayil sama na ce da Turanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, na zo ne a kan cikon kuɗina.

Wani jikan gidan, ɗan jami'a mai tabarau, ya fassara kafin ya yi tunani. Tsohuwa ta lalubi kujera ta zauna.

Yaron nan ne ya ja ni gefe. Kawu yake ce min, don su ba sa kiran mutum haka kawai, sai sun auna shekarunka sun ba ka matsayi a dangi. Ya ce, "Kawu, yau ɗaya ga sabuwar shekararmu." Ya ce duk wanda ya fara tako gida bayan sha biyun dare, da ƙafarsa arzikin shekara ko tsiyarta ke shigowa, xong dat suke kiran abin, kuma ba a barinsa ga tsautsayi, tun da makonni ake zaɓen mutum a roƙe shi. Ya ce fari fat kayan makoki ne. Ya ce tambayar bashi kuwa a wannan rana... bai ƙarasa ba, ya dai cire tabarau ya goge.

Na so in ce camfi ne. Sai na tuna ni kaina ba na ba da bashi da safe kafin in buɗe ciniki, na haɗiye.

Muna cikin haka sai ga zaɓaɓɓen. Wannan bawan Allah har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Wani maƙwabci ne mai tumbi, kwat da jan laktaye, gashi ya sha mai, kwandon tsaraba a hannu, da murmushin da ka san tun a madubi aka gwada shi. Ya zo bakin ƙofa ya ga takalmina, lamba arba'in da biyar, kwance a inda nasa ya kamata su kasance. Ya leƙo ya gan ni. Shi fa an ce masa ƙarfe shida, shi ya makara da kusan rabin awa, da ya zo a kan lokaci da duk wannan bai faru ba. Amma ko kusa bai ga laifin kansa ba. Ya samu kujera daidai saitina ya zauna, ya jawo kwanon jan irin kankana, yana fasawa da haƙori ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Ƙas. Ya ajiye ɓawo. Ƙas. Awa biyu na yi a gidan bai ce min uffan ba, kuma bai ɗauke ido ba. Da na yi niyyar tattara ɓawon da ya zuba kusa da ƙafata na kai hannu ga tsintsiya, shi ne ya fara yin ihu, wai ba a shara a ranakun farko, arziki ake sharewa. Nan kaɗai na ji muryarsa.

Tsohuwa ta farfaɗo ta tambayi shekarar haihuwata. Na ce 1984. Ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta, ta rufe ido. Su kowace shekara da dabbarta, guda goma sha biyu suna zagayawa, kuma wadda aka shiga a daren ta mage ce (a wajen 'yan Sin zomo ne, su suka ce mage). Ita kuwa 1984 ta ɓera ce. Wato ɓera ne ya buɗe musu shekarar mage, cikin likkafani, yana bin bashi. Wata mata ta sa hannu a ka. Mai jan laktaye ya gyara zama kamar wanda aka biya shi diyya.

Ɗan jami'ar ya ce in ba shi fasfo. Ya duba, ya latsa waya, sai ya daka tsalle. A fasfona 1 ga Janairu aka rubuta, su kuma a 1984 sabuwar shekararsu sai 2 ga Fabrairu ta kama, don haka ni ɗan tsohuwar shekara ne. Ya juyo fuska cike da murna ya ce, "Kawu, albishirinka, kai ba ɓera ba ne. Alade ne kai!"

Falo ya kaure. Ashe alade da mage da akuya 'yan gida ɗaya ne a lissafinsu, jininsu ya haɗu, kuma alade alamar ƙoshi ce. Tsohuwa ta taso ta kama hannuna da hannu biyu tana jijjigawa. Mai gida yana bubbuga kafaɗata yana nuna ni ga 'yan'uwansa. Ni, da na yi shekara shida a makarantar allo, ina tsaye ina murmushi ina gyaɗa kai ina godiya an ce min alade.

Kuma abin da ban faɗa musu ba, 1 ga Janairun nan wani magatakarda ne ya ƙirƙira ranar da na je yin takardar rantsuwar shekaru, kamar yadda ya yi wa rabin 'yan layinmu. Hajiyarmu ta sha faɗa cewa da damina ta haife ni, shekarar da Buhari ya canja kuɗi. Cikakken ɓera ne ni. Na ja bakina na tsuke.

Aka kawo abinci. Banh tet, shinkafa mai danƙo da aka naɗe a ganyen ayaba kamar katon alale, cikinta wake da kitsen alade. Nama da ƙwai, shi ma alade. Na ce wa yaron ya ba su haƙuri addinina ya hana, ya fassara, tsohuwa ta faɗi wata magana aka kwashe da dariya har da mai tari. Wai ta ce dama wa zai ci ɗan'uwansa. Aka ba ni shayi da kwakwa mai sukari da citta.

Sai yara suka yi layi, su shida, hannu a harɗe a ƙirji, kowa ya rusuna ya rero addu'ar sabuwar shekara. An saba babba ya ba su kuɗi sababbi a jar ambulan. Ni ba ambulan, na zaro shuɗayen takardu na bi su ɗaya-ɗaya, a zatona 'yan dubu ashirin-ashirin ne. 'Yan dubu ɗari biyar ne. Kalarsu kusan ɗaya, duk wanda ya je zai gaya muku. Dong miliyan uku a kuɗinsu, sama da dala 120, daga aljihun wanda ya zo karɓar bashi. Na gane ne a kan yaro na huɗu, da na ga idon uwarsa, amma ina zan tsaya?

Da na koma masauki na kira Alhaji, ya ce, "Au, Tet ne? Ai kuwa suna yi." Wai da can a watan Mayu yake zuwa. Bai ba ni haƙuri ba, sai tambaya yake ko na ɗauki hoto. Kuma kasonsa a cikon bai rage ko sisi ba, har da kuɗin yaran ya ce wannan kyautata ce ta ƙashin kaina.

Ofis bai buɗe ba sai bayan kwana takwas. Mutumin ya biya rabi, sauran har yanzu muna kan zancen laima. Shaddar kuma na manto ta a ƙugiyar banɗakin otal, in akwai mai zuwa can kwanan nan ya yi min magana.