Mai shan maganin ƙwaƙwalwa ma yana buɗe shago da safe

A Yamai in mutum ya yi wani abin ban mamaki sai ka ji wani a fada ya ce "wannan kam a kai shi Pabiyon E", a kwashe da dariya a ci gaba da zuba shayi. Pabiyon E dai shi ne sashen masu taɓin hankali a babban asibitin ƙasa, kuma ni kaina na sha yin wannan raha, har ranar da na gane telan da ke ɗinka mini kayan salla shekara da shekaru can yake zuwa ganin lokotoro, ga shi sau nawa ina faɗa yana zaune kusa da ni bai taɓa cewa uffan ba. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bawan Allahn nan keken ɗinki uku ne a shagonsa, ga yara masu koyon aiki, ga iyali yana riƙe da su, in azumi ya kai goman ƙarshe ko wurin aje ƙafa babu. Sau biyu ciwon ya kada shi, kuma duka biyun ba magani ne ya kasa ba, dangi ne suka ga ya samu sauƙi suka ce ai ka warke, mi za ka yi da ƙwayoyin nan kullum kamar ɗan tramol, shi kuma ya bari. Barci ya ƙaurace masa, ya koma yanka shaddar mutane ba awo, kiliyan suka watse. Da ya dawo hayyacinsa ya biya kowa yadinsa jika-jika, ya sake farawa daga keke ɗaya.

Ni a ganina nan muke kuskure. Mun ɗauka nasarar mai wannan lalura ita ce ranar da zai jefar da magani a ce ya warke sarai. To mai ciwon suga fa, ko mai hawan jini? Wa ya taɓa ce wa Alhaji ya bar ƙwayarsa ta tansiyo don ya kwana biyu bai faɗi ba? Shi ana yi masa sannu ana rage masa gishiri a miya, wancan kuwa ɓoye kwalin magani yake cikin aljihu kamar kayan sata.

Kuma maganin nan yana da halinsa da ya kamata dangi su sani. Na ciwon damuwa yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko ma fiye kafin mutum ya fara jin canji, bayan an samu sauƙi likitoci kan ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida, wasu cututtukan kuma sai an yi shekaru. Yana iya kawo yawan barci, ƙiba, bushewar baki, ko rawar hannu, kuma rawar hannu ga tela ba wasa ba ce, ita ce ma ta fi damun abokin nawa. Amma da ya koma ya faɗa wa lokotoro gyara masa awon aka yi, ba tsayarwa ba.

Na san wani zai ce ina addu'a, ina ruƙiya. Suna nan, ba wanda ya hana. Telan nan sahun farko yake sallar asuba, tsohuwarsa har yau tana aiko masa da rubutu yana sha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai dai ya zaɓi ɗaya, ko a ce masa imaninka ne ya yi rauni, mutumin da ke tashi kowace safiya da nauyin da kai ko yini guda ba za ka iya ɗauka ba.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, wajen mutum miliyan 970 ke nan. Ka ƙirga mutanen fadarku ka gani. Michael Phelps ɗan Amurka da ya ci zinare 23 a ninƙaya a gasar Olamfik ya fito fili ya ce ya yi fama da ciwon damuwa. Sai dai shi yana da kuɗi da likitoci a hannu, namu kuwa ordonans ɗin kowane wata, wato takardar sayen magani, ma aiki ne, likitocin fannin kaɗan ne, wanda ke ƙauye cikin jihar Tawa sai ya haɗa kuɗin mota tukuna. Shi ya sa in iyali za su taimaka, kuɗin farmasi da rakiya zuwa asibiti sun fi "ka yi haƙuri" ɗari. Haka patoron da zai bar yaronsa ya je ganin likita ba tare da ya zabge masa albashi ba, da iyayen yarinya da in sun zo binciken aure za su tambayi yadda mutum yake riƙe da kansa yau, ba su ji "ya taɓa kwanciya can" su naɗe tabarma ba.

Shekaranjiya na kai masa shadda, na ce zan zo awo ran Laraba. Ya ce a'a malam, bari sai Alhamis, Laraba ina da randebu da lokotoro, a gaban yaran shago ya faɗa bai ko rage murya ba.